Da'irar Darcy

Ranar da za mu zuba tokar gawar ƙanena Darcy a teku, ina isa bakin ruwa na hangi Warwick tsaye da allonsa na hawan igiyar ruwa a hammata. Warwick fa! Uban Kade, Kaden da ya naushi Darcy ta baya a ƙofar mashaya, kansa ya bugi dakali, bai ƙara buɗe ido ba. Kade na kurkuku yana ci yana sha, ƙanena kuwa yana cikin gwangwani a hannun Baba.

"Wa ya gayyato wannan?" na ce.

"Ni," in ji Baba.

A nan garinmu Yamba in mai hawan igiyar ruwa ya mutu, abokansa kan hau allunansu su tuƙa da hannu har can inda ruwa ya lafa, su yi da'ira, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Ba a zuba toka sai da'irar ta rufe. Ni kuwa na rantse hannun gidan su Kade ba zai shiga ta Darcy ba.

"Baba, kai ka raine mu a kan babu aljanna babu wuta. Kai ka yi shekara da shekaru kana koya wa 'yan makaranta cewa mu da birai kakanmu ɗaya. Na yarda, har gobe na yarda. To in babu hisabi a gaba, a ina Kade zai biya? Nan ne kawai! A dawo da hukuncin rataya, ni zan je kallo."

"Narelle, rage murya."

"Ba zan rage ba! Ba kai ka ce dabbobi ne mu ba? Kare in ya ciji mutum harbe shi ake yi."

"Dabbobi ne, amma irin wadda ke iya tsayawa ta yi tunani. Kade bai tsaya ba. Shi kike so mu kwaikwaya? Rai ɗaya ne, babu na canji, shi ya sa ban yarda ko gwamnati ta taɓa shi ba. A rataye Kade gobe, Darcy ba zai fito daga gwangwanin nan ba. Warwick ne kawai zai sami nasa gwangwanin."

"Ka bar mana laccar aji, don girman furfurarka. Ɗanka ne a hannunka, ba ƙashin ƙadangare ba!"

Nan fuskarsa ta canja. Ban taɓa ganin Baba haka ba.

"Ke kaɗai ke da zuciya? Kullum na farka sai na ji kamar in shaƙe yaron nan da hannuna. Kullum! Amma Warwick ne ya fara ɗora Darcy a kan allo tun bai iya ɗaure takalmi ba, kuma shi bai naushi kowa ba. Zai shiga ruwa."

Ya juya ya shiga ruwa tare da sauran jama'a. Na bi su ina huci, ina dukan ruwa kamar shi ya yi min laifi.

Da muka isa kowa ya zauna kan allonsa, hannu ya kama hannu. Mutanen garinmu kuwa, jarumawan banza, duk suka zame daga kusa da Warwick. Baba ya riƙe masa hannun hagu. Na dama yana nan a miƙe, ba mai so. Ni ce ta ƙarshen isowa, kuma nan kaɗai gurbi ya rage.

Baba ya maƙale gwangwanin tsakanin cinyoyinsa, murfin a rufe, yana jira. Ruwa na ɗaga mu yana saukewa. Na san halinsa sarai, sai mu wuni a haka.

Na kama hannun. Na kafa masa farce har na ji sun nutse cikin fata.

"Kawu Warwick," na ce, don haka na tashi ina kiransa, bakina bai iya wani suna ba, "har yanzu ina so a rataye ɗanka."

"Na sani, 'yata," ya ce.

Bai janye ba. Hannun ya yi sanyi ƙalau. Baba ya saki hannun wanda ke ɗaya gefensa, ya buɗe murfin da yatsa, Darcy ya bazu a kan ruwa. Jinin Warwick na bin tsintsiyar hannuna, ni kuma na kasa saki.