Kujerar Bayan Babur

Mai Kemis ya taka birki a bakin gada, inda 'yan ƙungiyarsu ta masu manyan babura suka tsaya shan iska, ya ɗaga gilashin hular kwanonsa yana murmushi. Abokinsa Gajere ya dube shi, ya leƙa bayansa, ya sake dubansa.

"Kai, ina Madam?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ga ta nan."

Ya miƙa hannu baya don ya taɓa gwiwarta, sai ya shafo kujera mai zafin rana. Innalillahi! Babu kowa, sai akwatin kaya.

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Mai Kemis ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ne fa mai bin baya a ƙungiyar, wanda aikinsa kawai ya tabbatar ba a bar kowa a hanya ba. Shi ne mai yi wa sababbin shiga faɗa a kan duba madubi.

Nan take ya gano yadda aka yi. Sun yi da ita cewa in ta hau ta zauna daram, za ta daki kafaɗarsa. A gidan man da suka tsaya ɗazu kuwa, ta sauka wanke fuska, Gajere ya zo wucewa ya buga masa kafaɗa ya ce a tafi. Shi kuwa gogan naka ya murɗa totur ya ba babur wuta. Bai ji wani bambanci ba ko kaɗan, don ya saba da bayansa fayau.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ba da sauƙi ta yarda ta biyo shi ba. Shekara da shekaru duk ƙarshen mako yana kan kwalta, ita tana gida da 'yan biyunsu. Daga baya ta ce, "Zan bi ka sau ɗaya, in ga ko akwai wurina a wannan rayuwar taka." Har da sayen na'urar magana ya yi, ya maƙala a hulunansu don su riƙa hira a hanya. Kuma ya sha hirarsa, wallahi, shi kaɗai kamar rediyo.

Ya juya ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Hanyar da ya ci ɗazu yana waƙa, yanzu ta ƙi ƙarewa.

Ya same ta zaune a kan benci a gefen injin ba taya iska, hular kwano a cinyarta. Masu zuba mai suka daina aiki suna kallonsa. Ɗaya har da tafa masa.

"Maman 'yan biyu, don Allah..."

"Cire hular tukun, ba na magana da gilashi."

Ya cire. Gumi ya jiƙa masa kai sharkaf, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Wayata tana cikin akwatinka, da na kira," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Amma na'urar nan taka tana da kyau. Ka yi nisa kafin ta yanke, na ji ka sarai."

"Me kika ji?"

"Ka ce, 'Kai, kin iya zama! Kamar ba kya nan.'"

Ya share gumi, ta ci gaba.

"Ban ji haushi ba, Baban 'yan biyu. A gida ma ai haka nake zama."

Wata tsohuwar bas ta shigo tana tari da hayaƙi, kwandasta yana kiran masu komawa gari. Ta miƙe, ta ɗora masa hularta a hannu, ta gyara mayafinta.

"Ki hau mu koma tare. Zan tafi a hankali, na rantse."

"An ce kai ne mai bin baya, ko? To bismillah."

Ta shiga, ta zauna a kujerar ƙarshe. Bas ta ja jiki da ƙyar, ya bi ta. Babur ɗin da ke shafe gari uku kafin azahar ya koma rarrafe cikin baƙin hayaƙi, motocin kaya suna danna masa oda suna wuce shi. Hanya ta buɗe fes a gabansa sau da yawa, bai wuce ba. Idonsa yana kan ƙeyarta a gilashin baya, yana jira ko za ta waiwayo.