Kunun da Inna Ke Aikowa

Allurar sikelin ta yi rawa, ta yi rawa, ta je ta tsaya cak a inda ta saba tsayawa. Zaituna ta sauka, ta cire takalmi, ta ajiye jaka, ta sake hawa. Ko gezau.

"Madam, sikelin nan naki ya lalace," in ji ta.

Nkechi, mai kyamis ɗin da Zaituna ke sayen magani a Sabon Gari, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kwalin da take buɗewa. A unguwar aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. "Hajiya, wancan zuwan ma haka kika ce. Lafiyarsa ƙalau."

Lafiyarsa ƙalau ɗin kuwa, abin takaicin ke nan.

Zaituna matar Abdulrauf ce, mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, a Fagge suke zaune. Aurensu ya daɗe, amma ba ta taɓa goyo ba. Cikin farko ya zube, na biyu ma ya bi shi. Bayan wannan ne aka auna jininta, aka gano cewa wani ɗan abu da ke gindin maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod, ya yi sanyi, ba ya aikinsa. Shi ke sa ta kasala, da jin sanyi ana tsakiyar zafi, da ƙibar nan da ko ruwa ta sha sai ta hau. Likitar da ke duba ta ta ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da ake sha da sassafe kafin a ci komai, ta kuma gaya mata ƙiri-ƙiri: kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki sai jinin ya daidaita, jikin kuma ya ragu.

To, mace mai neman ɗa, me za a ce ta bari ta ƙi? Ta bar sukari, ta bar lemon kwalba, ta bar tuwon dare. Fanke da wainar da ake soyawa a bakin layinsu kuwa, sai ta ja mayafi ta toshe hanci ta wuce. Kuma da fari abin ya yi kyau. Zobe ya fara juyawa a yatsa, zani ya fara zagayowa da saura. Har ta je wani bikin dangi ta yi rawa ba ta yi haki ba.

Daga bikin nan ne komai ya tsaya. Ba ma tsayawa kaɗai ba, jikin ya koma wani iri. Fuska ta cika ta yi fam kamar alkubus, ƙuraje suka feso mata a haɓa, wasu jajayen zane suka fito a cikinta, ita da ba ta haihu ba. Ga wata yunwa marar kunya da ke tsinke ta tun hantsi, ga barci ko a adaidaita sahu. In ta tsaya gaban madubi sai ta ji ƙyamar abin da take gani, wallahi kamar an ara mata naman wata an liƙa mata.

Likitar ta ƙara mata ƙarfin ƙwayar, ta dube ta ta saman tabarau. "Hajiya, ki gaya mini gaskiya, me kike ci?" Abdulrauf ma, bawan Allah mai haƙuri, wata rana yana wanke hannu ya ce, "Zaituna, ko dai kina ɗan taɓa wani abu in na fita kasuwa? Ba laifi ba ne." Ranar ba ta yi masa magana ba har aka yi magariba. Mutum yana kwana da yunwa, a kuma mayar da shi ɓarawon tukunyarsa.

Abu ɗaya ne ya rage ba ta bari ba: kunun mahaifiyarta. Hajiya Zara, wadda suke kira Inna, tana zaune a Rijiyar Lemo, a gidan da mijinta marigayi ya gina tun zuwansu daga Barno. Kullum da safe sai ta dama kunun tsamiya, ta cika filas, ta bai wa Abdulnasir, ƙanin Zaituna mai tuƙa adaidaita, ya ajiye mata a hanyarsa ta fita aiki. Babu sukari, Zaituna ce ta roƙi hakan. Yana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, ta ɗauka citta ce da kanumfari. Kuma a gidansu ba a mayar da abincin uwa, ba a kuma bayar da shi. Shanyewa ake yi tas, a wanke mazubin a mayar.

Da ta baro wurin Nkechi ran nan, sai ta yanke shawara: kunun ma zai tafi. Gero ne dai, gero kuwa abinci ne. Amma wannan ba maganar waya ba ce. Washegari ta sha ƙwayarta, ta yafa laffaya, ta tafi Rijiyar Lemo tun kafin Abdulnasir ya fito.

Ta yi sallama a zaure, ƙarar daka ta hana a ji ta. Ta tarar da Inna a ƙofar kicin, a kan 'yar kujera, da ƙaramin turmin yaji tsakanin ƙafafunta. Kunu na tururi a roba a gefe, filas a buɗe yana jira. A kan zanin Inna kuwa ga katin magani, tana ɓallo ƙwayoyi da farce, farare da 'yan rawaya, tana jefawa a turmi. Ta daka su lukwi da citta, ta kwashe da cokali, ta zuba a kunun, ta juya. Har da lasar bayan cokalin.

"Inna, mene ne wannan?"

Hajiya Zara ta ɗago. Da ta firgita ma da sauƙi. Ba ta firgita ba, sai ma ta gyara zama. Zaituna ce 'yarta ta fari, don haka ba ta faɗin sunanta. "'Yar nan, ke ce da sassafe? Shigo mana. Maganin gyaran jiki ne."

Zaituna ta ɗauki katin. Ba sai ta karanta ba. Duk macen da ke Kano ta san shi, shi ne wanda 'yanmata ke saya a ɓoye wurin masu tallar magani a faranti in biki ya matso. Sha ka fashe, maganin sa ƙiba.

"Tun yaushe?"

"Tun bikin nan." Inna ta juye kunun a filas ɗin, ta rufe ta murɗa. "Ke ba ki ji abin da na ji ba. Ina zaune a cikin mata, aka ce a dubi ƙashin wuyanki. Wata ta ce kasuwar mijinki ce ta karye. Wata ta rage murya ta ce irin wannan ramar, ga ɓari a kai a kai, a dai bincika, ciwon zamani ba ya sallama. A gabana, 'yar nan. A danginmu wa ya taɓa ganin matar aure a tsotse kamar rake? Ni na haife ki, ba zan bari a yi da ke ba."

"Na gaya miki likita ce ta ce in rage."

"Likita." Inna ta taɓe baki. "Ita likitar ba ki ga ƙugunta ba? Dubi yadda kika ciko yanzu, masha Allah. Shekaranjiya har an tambaye ni ko ciki ne da ke."

Zaituna ta dafa bango. Duk safiyar da ta ɗaga kofin nan da bisimilla, duk daren da ta kwana tana tsine wa jikinta, duk kallon da likita da miji suka yi mata, ashe daga turmin nan suke. Kuma da hannun da ya yi mata wanka tana jaririya.

"Inna, jikan da kike ta tambayata kullum," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "shi kike dakawa a turmin nan."

Tsohuwar ta dubi turmin, ta dubi 'yarta. Zaituna ta ƙulle katin a gefen laffaya ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Wurin Nkechi ta fara biyawa, don ƙafarta can ta kai ta. Nkechi ta juya katin, ta dubi fuskar Zaituna da kyau, ta yi tsaki mai tsawo. "Ni ma da laifina, ina ganin kumatun nan ban tambaya ba. Hajiya, wannan ya fi ƙarfin kanti. Ki wuce asibiti yanzu, da katin a hannunki."

Likitar ta saurare ta, ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta ba ta haƙuri a kan zargin da ta yi mata, sannan ta gaya mata abin da ya fi komai ɗaci. Farar ƙwayar nan ba a barin ta rana ɗaya. Jiki ya riga ya saba, ya daina yin irin wannan sinadarin da kansa, in aka yanke masa farat ɗaya mutum na iya faɗuwa. Sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ana auna jini.

"Wato in ci gaba da sha?"

"Na ɗan lokaci. Yadda zan tsara miki."

"Maganar ciki fa?"

Likitar ta girgiza kai. "Bana dai ki cire rai. Mu ga baɗi, in Allah ya kai mu."

Haka Zaituna ta koma Sabon Gari, ta miƙa wa Nkechi takardar likita, ta sayi sha ka fashe da hannunta, tsakar rana, a gaban mutane. Da Abdulrauf ya ji labarin, salati kawai ya yi ta yi. Me zai ce? Surukarsa ce.

Washegari da safe ta zauna a bakin gado da ƙwayoyi biyu a tafin hannu, ta tayirod da ɗayar. Ta haɗiye ta farko. Ta biyun sai da ta rufe ido, ta kora da ruwa kofi guda, duk da haka ɗacin ya tsaya mata a ƙarshen harshe. Ta gane shi sarai. Shi ne ɗacin da take cewa na citta ne.

Ba a jima ba ta ji tsayuwar adaidaita a ƙofar gida. Abdulnasir ne, da filas a hannu, yana ta kallon ƙasa.

"Yaya, in ji Inna. Ta ce in rantse miki babu komai a ciki. A gabana ta dama. Ta ma jefar da turmin." Ya ƙara da cewa, "Tun jiya ba ta ci abinci ba."

Zaituna ta karɓa. Ta san gaskiya ne, Inna ba ta rantsuwa a kan ƙarya. Da ya tafi ta zauna a tsakar gida ta buɗe murfin. Tururi ya taso, tsamiya da citta da kanumfari, ƙamshin da ta tashi a cikinsa tun tana zuwa makarantar allo. Ta zuba a kofi, ta yi bisimilla, ta kai bakinta.

Ta kasa kurɓa. Ta sake gwadawa, ta sake kasawa. Ta daɗe riƙe da kofin har ya huce a hannunta.

Sannan ta tashi ta je bakin kwata, ta tuntsurar da kofin, ta bi da na filas ɗin, tana kallo yana gangarawa. Ta wanke filas ɗin tas da soso da sabulu, ta kife shi ya bushe, don gobe a mayar wa Inna.