Shagon Loton Misbahu

Ranar da aka ce hukuma ta rufe shagon loton Misbahu saboda kamfaninsu ba shi da lasisi, matarsa Bara'atu har guɗa ta yi. Ta daɗe tana jin kunya, don maƙwabta a unguwarsu ta Aboabo ba sa cin abincinta, wai kuɗin caca ne.

"Maigida, Allah ya raba ka da haram."

"To Malama, samo min halal ɗin," ya ce yana dariya.

Da furfurarsa ya koma gyaran mota a unguwar Suame. Can mota ta danne shi, ya rasu.

Bara'atu ba ta taɓa kai masa abinci shagon loton ba. Yanzu kullum da safe takan je ta share ƙofar shagon.