Ranar da Yaya Ya Wanke Niƙaƙƙen Nama

Da Anti, matar Yayana, ta samu aikin yamma a kantin magani, sai magana ta tsaya a kan wa zai riƙa yi wa yara abincin dare. Idanu suka fara karkatowa kaina, tunda a gidansu nake zaune. Ni kuwa da yamman nake zuwa ajin koyon ɗinki, kuma shi kaɗai ne abin da zan nuna in ce nawa ne.

Yaya ya bugi ƙirji. "Girkin me? Ni zan riƙa yi. Yau ma burodi da niƙaƙƙen nama za ku ci, na gani a waya."

Anti ta ja ni gefe. "Ki naɗe hannunki. Ko kicin ɗin zai kama da wuta, kar ki taɓa cokali."

Na ce ko kallon cokalin ba zan yi ba.

Mutumin da bai san inda gishiri yake a gidansa ba, shi ne ya naɗe hannun riga ya jingina waya da galan ɗin mai. Ya datsa albasa ɓaro-ɓaro yana hawaye yana zagin mai albasar. Sannan ya juye naman cikin matsami, ya buɗe famfo a kai.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Wankewa. Ke a gidanku ba a wanke nama?"

Gidanmu ɗaya fa da shi.

Ina tsaye nama yana sulalewa ta hudojin matsami yana bin ruwa. Abin da ya rage ya yi fari fat kamar tsohon tsumma. Ya kwashe ya zuba a tukunya, ya cika ta da ruwa, wai sai ya yi laushi. Na cije leɓe. Amma da na ga ya buɗe gwangwanin kanumfari zai juye duka, wallahi zuciyata ta kasa.

"Matsa, don Allah!"

Na tsiyaye ruwan, na ɗora kasko. Mai kaɗan, albasa, tafarnuwa, masoro, ɗan tumatir, na soya har naman ya dawo hayyacinsa. Na tsaga burodi na gasa cikinsa, na cusa.

Yara har da lashe faranti. Yaya ya ci nasa, ya ƙara da rabin na autarsa, ya miƙe ƙafa ya yi gyatsa.

"Kun gani? Abin a jininta yake. Ni da ma hannuna bai faɗa ba. Daga gobe ke ce da kicin."

"Ajin ɗinkina fa?"

"Ɗinki ai ba guduwa zai yi ba."

Haushi ya kama ni. Na dubi Anti ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da gugar rigar aikinta.

Washegari na kira malamar ɗinki, na ce ta ba wata keken da nake koyo a kai.