Salloli Shida da Malama Ta Rama

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya ƙagi jiki, Ya san ciwonsa da maganinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa. Ya Ubangiji, Ka daidaita mana harshe a kan abin da ake jin nauyin faɗa.

Shekara goma sha tara Malama ta yi a gidan mijinta Kafinta, tana koyar da 'ya'yan mutane karatu, Allah bai ba ta nata ba. Da ƙari ya cika mata mahaifa, likitoci suka cire mahaifar gaba ɗaya. Ranar sallama likita ta ce kada ta kusanci mijinta sai ta dawo an duba ɗinkin ciki, bayan mako takwas.

Malama ta ji, amma ta yi nata lissafin. Ta sha raka ƙannenta wankan jego, ta san mai haihuwa kwana arba'in take yi. Ita ma an kwantar da ita, an yanka, an fitar da wani abu daga cikinta. Sai ta riƙa ƙirga kwanakin a ranta, tana jin daɗin ƙirgar, don ba ta taɓa samun arba'in tata ba. Da suka cika ta ce wa mijinta ta warke, shi kuwa ya yarda, ya kusance ta a daren.

Da asuba ta shiga wanka, sai ta ga ɗigon jini, bai kai faɗin farce ba. Ba ta tsorata ba. Wani daɗi ne ma ya ratsa ta, irin na wanda ya hango fuskar da ya fid da rai da gani. Ta ce a ranta al'ada ce ta dawo. Wataƙila likitocin sun bar wani abu, kuma babu abin da ya gagari Allah. Ta koma ɗaki ba ta yi salla ba. Haka ta wuni, haka ta wayi gari.

Da hantsin rana ta biyu Kafinta ya dawo daga shago, garin katako a gemunsa, fensir a bayan kunne. Ya tarar da ita a bakin gado tana duba littattafan ɗalibai.

"Malama, tun jiya buta ɗaya nake cikawa a gidan nan," in ji shi.

"Ka koma ƙirga butoci ke nan? Katako ya ƙare?"

"Bai ƙare ba. Me ya hana ki salla?"

Ta sunkuyar da kai. "Abin da ke hana mata."

Ya zauna kusa da ita. "Ke kika karantar da ni babin nan da kanki. Daga ina jinin al'ada yake fitowa?"

"Daga mahaifa."

"To."

"Ka bar min shi kwana uku, Malam. Kwana uku kawai nake roƙo, in ji ni kamar kowace mace."

"Da na san ba ciwo ba ne, da na bar miki shi shekara. Amma ni na sa hannu a takardar aikin nan, kuma ni ne sanadin jinin nan. Ɗauko katinki."

A asibiti suka zauna kan dogon benci, wata mai tsohon ciki a gefensu tana fifita da kati. Malama ta matsa mata wuri, ta kawar da ido.

Likita ta duba ta, ta cire safar hannu, ta ce, "Ɗinkin bai buɗe ba, kun yi sa'a. Wani gefe ne bai gama haɗewa ba, ya ɗan gurje. Yakan faru, amma da ya yage, yau ɗakin tiyata za ki koma. Kwana nawa yanzu?"

"Arba'in da biyu."

"Wa ya ce miki arba'in?"

Likita ta dube ta na ɗan lokaci, ta sassauta murya. "Ki ba ɗinkin wata guda, sannan ki dawo. In jinin ya yi yawa, ko kika ji zazzaɓi ko ciwon mara, kada ki jira gobe. Ki faɗa wa mai fensir ɗin can ya yi haƙuri."

"Likita, babu yadda za a yi ya zama al'ada?"

"Babu, Yaya. Jinin rauni ne."

Da suka iso gida ta wanke jikinta, ta yi alwala. Ta ƙirga da yatsu daga asubar jiya zuwa ta yau, shida. Ta tayar da ta farko. A sujuda ta saba roƙon abu ɗaya tun tana amarya, har harshenta ya kama shi da kansa. Yau ta kai rabinsa ta tsaya, ta daɗe goshinta a ƙasa, ba ta san me za ta sa a madadinsa ba. Kafinta yana bakin ƙofa, bai koma shago ba. Ta sallame, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe ta tayar da ta biyu.

Allah Ka jiƙan iyayenmu mata da suka tafi da ciwon da kunya ta hana su faɗa, Ka haskaka makwancinsu. Wanda ya karanta wannan, Ka ba shi lafiya, Ka sanyaya masa zuciya a kan abin da Ka hana shi. Amin.