Gabar Hajo da Zinatu

Wata bakwai Hajo ta yi tana jira a kira ta. Tana shekara ta biyu a jami'a a Manchester wani ɗan ajinsu ya yi mata fyaɗe. Ba ta gaya wa kowa nata ba, sai wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta sa sunanta cikin masu zuwa wani zama na kwana uku da ake shirya wa ɗalibai mata irinta.

Kafin layi ya zo kanta gwamnati ta zabge kuɗin irin waɗannan ayyuka. Cibiyar da ke shirya zaman a Manchester ta rufe, aka tura su ta Birmingham. Hajo ba ta so ba. A Birmingham ƙanwar mahaifiyarta take, Anti Raki, likita, kuma babu Bahaushen garin da bai san ta ba. Amma ta je.

Gidan da aka yi zaman yana bayan gari. Su tara ne. Ta ƙarshe da ta shigo da jakarta Zinatu ce, 'yar Zariya mai karatu a unguwar Edgbaston ta nan Birmingham, wadda suka yi Sallah biyu tare a gidan Anti Raki. Hajo ta rasa ko ta tashi ta gaishe ta ko ta nemi ƙofa.

Angelina, mai jagorantar zaman, ta karanta dokoki. Ta ƙarshe ta ce in sun haɗu a waje kowa ta yi kamar ba ta san 'yar'uwarta ba, don kada a tambaye su inda suka san juna. Duka suka sa hannu.

An yi zane, an koyi jan numfashi, an zaga lambu cikin yayyafi. Sau ɗaya Hajo ta yi magana, da Turanci, idonta a ƙasa. Ba ta san ko ta samu sauƙi ba. Ita da Zinatu ba su yi Hausa ba ko kalma ɗaya. Sun dai yi salla a ɗaki guda, kowa da kusurwarta.

Bayan sati biyar aka yi suna a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, Anti Raki ta ce dole ta zo. Falon cike da mata. Hajo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa wa manya, ta tambayi yara da aiki da sanyi. Da ta zo kan Zinatu sai ta tuna takardar da ta sa wa hannu. Zinatu ma ta sunkuya kan wayarta. Hajo ta tsallake ta, ta gaida ta gaba.

Sai da ta zauna ta gane ba don irinsu aka yi dokar ba. Su kowa ya san sun san juna.

Anti Raki ta kira su kicin, ta rufe ƙofa.

"Gaba kuke yi? A ƙasar mutane? Ku nawa ne duka-duka?"

Zinatu ta ce ba komai. Hajo ta ce ba ta gan ta ba ne. Anti Raki ta ce Zinatu ba allura ba ce. Ta ce da Babbar Sallah lafiya lau suka rabu, ɗaya tana Manchester ɗaya tana nan, to a ina suka haɗu har suka ɓata?

Hajo ta nemi ƙarya, amma duk wadda ta samo sai da yardar Zinatu za ta tsaya, kuma ba damar shawara. Anti Raki ta dube su ɗaya-ɗaya, irin duban da take yi wa marar lafiyar da ya ɓoye ciwonsa.

"Namiji ne?"

Zinatu ta kalli Hajo. "E, Anti."

Anti Raki ta yi tsaki, ta ce dama ta sani. Ta tambaya ko Halliru ne, mai digirin nan na uku da ke yawo tsakanin garuruwan biyu. Ba wadda ta musa. Ta yi musu faɗa kusan minti goma, ta ce karatu aka turo su, kuma Halliru ko kwat ɗin kirki ba shi da shi. Sannan ta sa suka riƙe hannun juna, kowa ta ce ta yafe. Hannun Zinatu sanyi ƙalau.

Kafin a gama raba shinkafa matan falon sun fara kallonsu suna murmushi. Hajo ta san kafin sati labarin zai isa Kano, mahaifiyarta ta ji cewa 'yarta ta yi faɗa a kan saurayi. Za a kira ta a waya a yi mata tas. Ta auna, ta ga wannan za ta iya ɗauka.

Anti Raki ta zaunar da su kujera ɗaya. Zinatu ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Wane ne Halliru?"

"Ina jin mai gemun nan ne," in ji Hajo. "Ko kuwa wancan Sunusi ne?"