Sandar Yomima

Kifin da Yomima ke kamawa bai kai tsawon yatsa ba. Ko ruwan ma bai cika so ba, ɗan ƙwal uba, a kan duwatsun gaɓar tsibirinsu yake tsalle-tsallensa, da igiyar ruwa ta taho sai ya ƙara hayewa sama. Maza ko kallonsa ba sa yi. Ita kuwa tun rasuwar mijinta da shi take yin romon cin tuwon garin sago.

Kwatsam sai ga Nus, ɗan maƙwabcinta, da samari riƙe da guduma, wai wani mai gini a birnin Ambon yana sayen dutse. Kafin a ankara sun mayar da rabin gaɓar tsakuwa.

"Nus, ku bar min duwatsun nan."

"Haba Inna, saboda 'yan ƙadangarun nan? Zan sayo miki kifin gwangwani."

Samarin suka kwashe da dariya, ranta ya ɓaci ƙwarai. Washegari tana gama kamun safe ta yanko ɗanyen ganyen kwakwa, ta ɗaura a sanda, ta kafa a tsakiyar duwatsun. Sasi ke nan, alamar hani ta gargajiya, kuma duk tsibirin babu mai taɓa abin da aka yi wa sasi. Sai dai mai tsaron gaɓa ne kaɗai ke da ikon ɗaura shi. Mace kuma? Tabɗi!

Masu guduma suka yi cirko-cirko. Nus ya ruga ya kirawo mai tsaron, wato Melkiyas, yayan Yomima ciki ɗaya.

"Yomima, kanki ɗaya kuwa? Cire shi."

"Ba zan cire ba, Yaya. Aikinka ne, ka yi barci, na yi maka. In ka isa tuge shi da hannunka."

Melkiyas ya dubi sandar, ya dubi ɓarnar da aka yi. Hannun nan dai bai miƙu ba.

"To, ya ɗauru har shekara ta zagayo," ya ce. "Babu mai fasa dutse. Amma sasi bai ware kowa ba. Ke ma ko ɗaya ba za ki kama ba. Me za ki ci?"

Wallahi ba ta kawo wannan a ranta ba. Nus ya lura, ya washe baki.

"Inna, a cire ko?"

Ta harare shi. Ta ɗaga kwandonta ta kifar da kamun safiyar a kan dutse, kifayen suka watse da tsalle.

"Gayan tuwo zan ci," ta ce. "Ɗauki gudumarka ka ba ni wuri."